Fita daga bashi da ɗan abin da ke hannu: darasi domin matasan ƙasar Gumel

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a kan kowa. Magidanci mai shekara 50 yana da rumbu, da 'yan dabbobi, da 'ya'yan da suka tasa. Saurayi ko budurwa mai shekara 22 ko 27 ba su kai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba tukuna, kuma a daidai wannan lokaci ne manyan hidimomi suke haɗuwa: kuɗin makaranta, jarin fara sana'a, lefe da sadaki, kayan ɗaki, ragon sunan ɗan fari.

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin matasa, maza da mata, a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ana iya karanta shi a zama ɗaya, amma zai fi amfani a zama biyu, kowa da takarda da biro a hannu.

Yadda kuɗi yake shigowa a wurinmu

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa a kan biyan bashi an yi su ne domin mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗinsa zai shigo da kuma yawansa. A ƙasarmu irin wannan mutum kaɗan ne. Kuɗi yana zuwa mana ne a dunƙule, sannan ya ɗauke. Yana zuwa da kaka, in an cire gero da wake da riɗi, daga baya zoɓo ya biyo. Yana zuwa ranar Alhamis ga duk wanda yake da hannu a kasuwar Maigatari, ko dillanci yake yi, ko lodi, ko sayar da abinci, ko ɗaukar fasinja. Yana zuwa gab da Babbar Sallah ga mai kiwon raguna. Yana zuwa daga Kano ko Abuja ko Legas in ɗan ci-rani ya aiko.

Bashi kuwa an fi cin sa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga taki ana nema, ga kuɗin 'yan ƙwadago, ga zazzaɓin cizon sauro ya shigo gida. Saboda haka tsakanin ranar da aka ci bashi da ranar da kuɗi zai zo akwai wata uku ko huɗu. A cikin wannan tazara ce mai ba da bashi yake samun ribarsa.

Sannan ko kuɗin Alhamis ɗin ma ba tabbas gare shi ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai ranar 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A farkon 2023 kuma aka yi ƙarancin takardar naira, mutum yana da dabba amma babu mai tsabar kuɗin saye. Duk wanda ya yi wa mai bin sa bashi alkawari bisa ga abin da yake samu a mako mai kyau, ya ji kunya a waɗannan watanni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na fari: a fito da shi fili

Mutane da yawa ba su san jimillar abin da ake bin su ba. Sun san na mai shago, sun san na kawu, amma ba su taɓa haɗa su wuri ɗaya ba, domin haɗawar tana tayar da hankali. Dole ne a haɗa. Ka sami wurin da babu kowa, ka rubuta kowane bashi a layinsa: wa yake bin ka, nawa ka karɓa, nawa za ka mayar, yaushe ne wa'adi, kuma me zai faru in ba ka biya ba. Kada ka bar ko na naira 500 na mai shayi. Adashin da ka riga ka kwasa, ba ka gama zubi ba, shi ma bashi ne. Haka kuɗin da aka ba ka ajiya ka taɓa.

Bari mu ɗauki misali. Ba wani mutum ne takamaimai ba, kuma alƙaluman na kwatance ne, kowa ya sa nasa. A ce saurayi ne mai shekara 25, ya gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, yana koyarwa a makarantar kuɗi ana ba shi naira 35,000 a wata. Ranar Alhamis da yamma yana taya lodi a Maigatari, yana samun kamar 4,000, wato 16,000 a wata. Duka 51,000 ke nan. Yana cin abinci a gidansu, yana kuma da 'yar gayaunarsa da ya shuka riɗi. Ga abin da ya rubuta:

Manhajar ba da rance ta waya: ya karɓi 20,000, zai mayar da 26,000 bayan kwana 14. Da yake bai iya biya ba, duk mako biyu yana ba da 6,000 a ɗaga masa wa'adi.
Wani ɗan kasuwa: ya karɓi 40,000 a watan Yuni domin taki da noma, zai biya da riɗin 60,000 a watan Oktoba.
Mai shagon unguwa: 18,000.
Kawunsa: 70,000, na lokacin da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti.
Adashi: ya riga ya kwasa, saura zubin wata 6, kowane wata 5,000, wato 30,000.

Jimilla 204,000. Kuɗinsa na wata huɗu ke nan cif, in bai ci ba bai sha ba. In ka tambaye shi wanne ne ya fi hana shi barci, zai ce na kawu, domin shi ne babba kuma shi ne na kunya. Amma ba shi ne yake cinye shi ba.

Ma'auni ɗaya ga kowane bashi

A kasuwa ba ka sayen hatsi a hannun mutum biyu sai ka tabbatar kwanon awonsu ɗaya ne. Haka bashi yake. Wannan yana cewa kwana 14, wancan yana cewa sai kaka, wani yana cewa ba kuɗin ruwa ba ne, kuɗin hidima ne. Ka auna su duka da tambaya ɗaya: a kan kowace naira 100 da na karɓa, naira nawa wannan bashi yake ci a wata?

Lissafin ba wuya. Ka cire abin da ka karɓa daga abin da za ka mayar. Abin da ya rage shi ne ƙarin. Ka duba ƙarin nan naira nawa ne a kan kowace 100, sannan ka raba shi da yawan watanni.

Na manhaja: ƙarin 6,000 a kan 20,000, wato naira 30 a kan kowace 100 cikin mako biyu. A wata ya zama 60. Na ɗan kasuwa: ƙarin 20,000 a kan 40,000, wato 50 a kan kowace 100 cikin wata huɗu, ya kama 12 da rabi a wata. Na mai shago, da na kawu, da adashi, babu ƙari.

Yanzu abin ya fito. Bashin manhaja yana cikin ƙanana a takardar, amma yana ɗauke 12,000 duk wata daga cikin 51,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da yaron nan yake samu, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta ragu da ko kwabo ba. In ya shekara a haka zai ba da fiye da 140,000, kuma har yanzu ana bin sa 26,000.

A Amurka masu koyar da tattalin kuɗi sun daɗe suna gardama: wasu sun ce a fara da bashi mafi ƙanƙanta domin mutum ya sami ƙwarin gwiwa, wasu sun ce a fara da mafi tsada. A ganina, a wurinmu gardamar ba ta da yawa. Bambancin tsada tsakanin bashin manhaja da na ɗan'uwa ya yi yawa ƙwarai, ba abin da za a tsaya zaɓe ba ne. A fara kashe mai tsada, da gaggawa, ko da za a sayar da wani abu.

A ce saurayinmu ya kai ɗan bunsurunsa kasuwa ranar Alhamis, ya biya 26,000 gaba ɗaya, ya goge manhajar daga wayarsa. Nan take 12,000 ta dawo hannunsa duk wata. Kada ya bari ta shige cikin kashe-kashen yau da kullum. Ya raba ta biyu, 6,000 ga mai shago, 6,000 ga kawu. Bayan wata uku mai shago ya fita, sai duk 12,000 ta koma ga kawu. A ƙarshen wata na shida kawu ya karɓi 54,000, adashi kuma ya ƙare, sai 5,000 ɗin zubi ta haɗu da 12,000. A wata na bakwai ya gama da kawu. Bai ƙara samun ko naira ɗaya a kan abin da yake samu da ba. Kuɗin da yake zubarwa ne kawai ya juya wa hanya.

Game da manhajojin nan, akwai abin da ya kamata ku sani. Tun 2022 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta waya su yi rajista da ita, kuma tana karɓar ƙorafi a kan masu aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci. Daga 31 ga Mayu 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mai rance. Duk manhajar da ta nemi ka ba ta lambobin mutanenka, ka guje ta. In kuma sun riga sun fara barazana, ka riga su gaya wa iyayenka da bakinka. Makaminsu kunya ce, in ka faɗa da kanka ka karɓe shi daga hannunsu.

Bashin kaka

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan shi ne bashin da ya fi yawa a ƙauyukanmu, kuma shi ne wanda ba a cika kiran sa da tsada ba. Mai bayarwa mutumin gari ne, ana gaisawa, ana zuwa sunan juna. Sau da yawa ma ba a ambaci kuɗin ruwa ba. An ce ne kawai, karɓi kaza yanzu, ka kawo buhu kaza da kaka. Hukuncin irin wannan ciniki a addini na malamai ne, su za a tambaya. Amma lissafinsa na kowa ne, kuma ko da wane suna aka kira ƙarin, daga gonarka zai fita.

Abu na farko da za ka duba shi ne, da me aka ƙulla bashin: da naira ko da buhu? In da buhu ne, hatsi ya yi tsada da kaka, kai ka yi asara, domin buhun da ka miƙa ya fi abin da kuka zata daraja. In da naira ne, hatsi ya faɗi, kai ne dai za ka ji a jika, domin sai ka sayar da buhu biyu kafin ka haɗa abin da buhu ɗaya zai biya da. Mun ga duka biyun a kusa-kusa. A 2024 hatsi ya yi tsada ƙwarai, a 2025 kuma ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Riɗi da zoɓo kuwa farashinsu ba a Gumel ake yanka shi ba. Riɗinmu yana tafiya ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo kuma yawancinsa Meziko ake kai shi. Babu manomin da ya isa ya ce ga yadda za su kasance wata huɗu masu zuwa. Saboda haka kafin ka karɓa, ka tambayi kanka: in farashi ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku, zan iya biya kuma in bar abinci a gida?

Haka yake ga masu hulɗa da tsallaken iyaka. Wanda ya karɓi bashi da sefa kafin Yuni 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta, ya tarar da bashinsa ya kumbura a naira ba tare da an ƙara masa ko dala ɗaya ba. In da naira kake samun kuɗi, ka ƙulla bashinka da naira.

Abu na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Bashin kaka yana tilasta maka sayarwa a lokacin da kowa yake sayarwa, wato lokacin da kaya suka fi arha. In abin da ka sayar gero ne, to a watan Yuli za ka koma kasuwa ka sayo shi da tsada, kuma da bashi. Da haka ake shekara biyar ana juyawa a wuri ɗaya, kowace kaka tana biyan daminar da ta wuce. Hanyar tsinke wannan igiya ita ce ka raba amfanin gonarka tun yana tsaye. Riɗi da zoɓo da abin da ya yi saura na wake, na bashi ne. Gero da dawa na ciki ne, ba a taɓa su. In riɗin bai isa ba, ka roƙi a raba maka wa'adi biyu, rabi da riɗi, rabi in zoɓo ya shigo. Mai bashi da yawa zai yarda, in ka zo da maganar tun kafin girbi.

Sannan ka yi nufin bashin bana ya fi na bara ƙanƙanta, ko da hakan zai sa ka rage faɗin abin da za ka noma da taki. Gona ƙarama da ka noma da kuɗinka da takin gida ta fi babba da rabinta na wani ne tun ba ta tsiro ba.

Waɗanda ba sa karɓar ƙari

Kada wani ya fahimci cewa tun da kawu da mai shago ba sa cin ruwa, sai a bar su su yi ta jira shiru. Su ne na ƙarshe a samun kuɗi mai yawa, amma su ne na farko da za ka je ka gani. Wanda ya ba ka bashi babu ƙari ya ba ka ne saboda mutunci, kuma shi ne za ka koma wurinsa ranar da ciwo ya zo da dare. Abin da yake ɓata irin wannan zumunci ba jinkiri ba ne, canja hanya ne in ka hango shi, da ƙin ɗaga waya.

Ka je da kanka, kada ka aika. Ka same shi a gida, ba a gaban mutane ba. Ka riƙe ɗan wani abu a hannu, ko 2,000 ce. Bayan gaisuwa ka ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma. Na zo ne a kan kuɗin nan 70,000. Ban manta ba, kuma ba zan iya kawowa gaba ɗaya ba. Ga wannan a fara. In Allah ya yarda duk ƙarshen wata zan kawo 6,000, bayan wata uku zan ƙara." Ka faɗi adadi, ka faɗi rana. Ka tuna abin da muka ce a kan iyaka da kasuwa: ka yi alkawari da abin da kake samu a mako mara kyau. Gara ka ce 6,000 ka kai 8,000, da ka ce 15,000 ka kai 10,000.

Ku rubuta, ku sa shaidu biyu, kuma duk abin da ka biya a rubuta a gabanka. Wasu suna ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Musulmi sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma sai an biya bashin mamaci kafin a raba gadonsa. Kirista sun san labarin gwauruwar nan a 2 Sarakuna sura 4, wadda mijinta ya mutu da bashi, mai bin sa ya zo zai tafi da 'ya'yanta biyu. Bashi ba ya mutuwa da mai shi. Takarda tana kare waɗanda aka bari, na ɓangaren biyu.

In magana ta yi zafi, a kai ta gaban mai unguwa ko dagaci, ko limami, ko fasto, a yi sulhu. Ku sani kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ana bin sa bashi ko ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Wannan maganar kotu ce. Amma wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, ya ce zai sayo kaya alhali ya san ba zai sayo ba, wannan damfara ce, dokar ba ta kare shi ba.

Abin da ba a sayarwa

Mai bashi a wuya yakan sayar da abin da ya fi saurin samun mai saye, kuma sau da yawa shi ne abin da yake ciyar da shi. Keken ɗinki, amalanke, shanun huɗa, akuya mai ciki, babur na haya: waɗannan su ne za su biya bashin, in an bar su. A sayar da bunsuru, da babbar waya a koma ƙarama in ba da ita ake sana'a ba, da suturar da take kwance a akwati. Rago kuwa, in saura wata ɗaya Sallah, a roƙi mai bashi ya jira.

Jinginar gona ita ce ta fi duka haɗari. Wanda ya karɓi jingina shi yake noma gonar, kai kuma ka rasa hanyar da za ka tara kuɗin fansa. Shekaru suna wucewa, shaidu suna mutuwa, iyaka tana ɓacewa. Matashin da ya gaji ɗan yanki ya yi tunani sau goma kafin ya jinginar da shi domin hidimar kwana uku.

Wanda ya karɓi babur yana biya mako-mako, bashinsa daban ne, domin in ya tsaya zai rasa babur ɗin, wani lokaci har da abin da ya riga ya biya. Wannan biya yana gaba da komai. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuma 'yan acaɓa da yawa sun ga abin da suka yi alkawari ya fi ƙarfinsu. In haka ta faru, ka nemi a rage na mako a ƙara yawan makonni, a rubuta sabuwar yarjejeniyar.

"Ai kuɗin gwamnati ne"

Wannan magana ta jefa mutane da yawa a rami. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba 2015, da rancen korona na 2020 da aka raba ta bankin NIRSAL, duk bashi ne, ba kyauta ba. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da yake ɗauke da lambar BVN ta mai bashin. Saboda haka ka sa irin wannan a takardarka. Kuma kada ka ba kowa BVN ɗinka ya karɓi rance da sunanka, ko ya yi maka alkawarin kaso. Sunan da yake kan takarda shi za a bi.

Rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. A rubuta shi, amma a can ƙasan layi.

Cacar ƙwallo ta waya, da masu cewa kawo kuɗi mu ninka maka, ba sai mun daɗe a kansu ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025. Wanda ake bi bashi shi ne suka fi saurin kamawa, domin yana neman mafita ta dare ɗaya.

Ga 'yan'uwa mata

Bashin mace yakan zama ƙanana-ƙanana masu yawa: anko, gudummawar biki da aka yi miki wadda dole ki mayar, adashi biyu ko uku a lokaci ɗaya, kayan ɗakin da aka karɓa ana biya a hankali. Ki auna su da ma'aunin da muka faɗa. Ki rage adashi zuwa wanda za ki iya zubawa daga ribar sana'arki, kada ki shiga sabo domin ki zuba a tsoho. Kuma ba laifi ba ne ki je bikin ƙawarki da atamfar da kike da ita.

Amma ga mai sana'ar cikin gida, mai ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinki, babbar ɓarakar takan kasance a ɗaya gefen: abin da ke kike bin mutane. Ki yi layi na biyu a takardarki, ki rubuta su. Mata da yawa za su tarar abin da suke bi ya kusa kai abin da ake bin su. Ki bi shi da fara'a, ki sa iyaka ga kowane mai saye, wanda bai biya na jiya ba ya dakata da na yau. Ki ajiye gwangwani biyu, ɗaya na jari, ɗaya na riba. In an ɗauki na jari an yi cefane, a rubuta, a mayar, ko da maigida ne ya ɗauka.

Toshe ƙofar da bashi yake shigowa

Saurayinmu ya ci bashin manhaja ne domin wata rana ya rasa 20,000 da gaggawa. In bai tanadi komai ba, ranar za ta sake zuwa. Don haka ko yana cikin biya, ya riƙa ware ɗan abu, ko 500 ce duk Alhamis, har ya tara abin da zai kai mutum asibiti ya sayi magani. Bayan wata na bakwai, 17,000 ɗin da ya saba fitarwa duk wata ta zama ta takin baɗi. Daga Janairu zuwa Mayu zai tara 85,000, ba ya bukatar ɗan kasuwa a watan Yuni.

Ajiya a ɗaki tana da wuya, domin hannu yana kaiwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun samo hanya tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Mata suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince a akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku daban. Suna ba junansu ƙananan rance, suna ware wani abu domin ciwo da mutuwa, a ƙarshen zango su raba. Bambancinsa da adashi shi ne kuɗin yana nan lokacin da bukata ta zo, ba sai layi ya kawo kanka ba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka, kuma maza ma suna yi. Ƙungiyar da ba ta son ƙari a kan rance tana iya tsara nata babu shi. A sa ranar rabo ta faɗo a watan Mayu, gab da shuka.

Aikin da za a yi kafin zama na gaba

Kowa ya rubuta takardarsa a gida, ya auna kowane bashi da naira nawa yake ci a wata, ya ja layi a ƙarƙashin mafi tsada. Kowa kuma ya je ya ga mutum ɗaya da ya daɗe yana kauce wa. In an haɗu, a tattauna waɗannan: A garinmu, wane wata ne aka fi cin bashi, kuma domin me? Nawa ake mayarwa da kaka a kan abin da aka karɓa da damina, kuma nawa ya kama a wata? Wace hidima ce ta aure ko suna za mu iya ragewa tare, yadda babu wanda zai ji kunya shi kaɗai?

Shugaban ƙungiya ya kula: ba a karanta takardar kowa a fili, ba a kuma ambaci sunan mai bashi ko mai bin bashi a zaman. Wanda bai iya rubutu ba ya zaɓi mutum ɗaya da ya yarda da shi, su zauna gefe su biyu.